Zan kai iyali Abuja yawon buɗe ido, ina neman shawara

Abu Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina Zariya, kuma na yi wa yara alƙawarin idan an yi hutun makaranta zan kai su su ga Abuja. Ni ne da maiɗakina da yara uku: babban shekararsa 11, mai bi masa 7, sai auta 'yar shekara 3. So nake mu tafi Juma'a mu dawo Lahadi. Ba ni da mota. Abin da na ware naira 250,000 ne, har kuɗin hanya da masauki da abinci. Mu hau jirgin ƙasa daga Rigasa ne, ko mu shiga mota kai tsaye? Wace unguwa ce masauki ke da rangwame? Ina yara za su fi jin daɗi? Don Allah wanda ya taɓa zuwa da yara ya taimaka.

Ɗanliti: Wa alaikumus salam. Ka cika tanki tun daga Kaduna, ka sa a duba maka tayoyi da birki. Kada ka yarda magariba ta same ka tsakanin Rijana da Katari.

Abu Sadiƙ: Na gode Malam, amma na ce ba ni da mota.

Ɗan Ƙofar Mata: Bazazzagi zai shiga Abuja! Ka fara kawo su Kano su hau Dala, su shiga gidan zoo na Audu Bako, idonsu ya saba da birni tukuna, kada a je a ruɗe a kan titi 😂

Abu Sadiƙ: Tun yaushe bawa ya fara ba ubangidansa shawara? Ka jira, zan kawo maka tsaraba.

Maman Hanifa: Ni na je da yara, kuma jirgi muka hau. Indai don yara ake tafiyar, jirgin kansa rabin yawon ne. Akwai banɗaki a ciki, yaro zai iya miƙewa ya taka, ba kamar mota ba da za a matse ku hutu babu. Sai dai ka sayi tikiti ta intanet da wuri, na Juma'a da Lahadi ba ya daɗewa, kuma tun da aka dawo da jirgin a ƙarshen 2022 sai da lambar NIN. Ku fito Zariya da asuba, don daga Kawo zuwa Rigasa ma tafiya ce. Kada ka bari sai Idu, ka sauka a Kubwa, nan masauki ya fi sauƙi. Mu ɗaki muka kama a 25,000, babba ne, muka shimfiɗa wa yara bargo a ƙasa. Asabar da safe ku je gidan namun dajin yara da ke gindin dutsen Aso, akwai birai da jimina da lilo. In rana ta yi sanyi ku wuce Millennium Park a Maitama. Fili ne mai ciyawa, ku tafi da tabarma da abincinku.

Injiniya Wuse: 25,000? Hajiya wace shekara kika je? Watan jiya na kama wa baƙona ɗaki, 70,000 kwana ɗaya, kuma ba wani na a zo a gani ba ne.

Maman Hanifa: Kubwa na ce, ban ce Wuse ba.

Sani Dutse Alhaji: Ko a Kubwa yanzu mai tsabta da wuta har safe ka tanadi 40,000. Na 25,000 akwai, amma ƙarfe goma sha biyu za a kashe janareto, sauro ya raba dare da yaranka. Kuma abin da ka rage a ɗaki za ka mayar wa mai tasi, don ba a yarda da acaɓa a cikin gari ba tun 2006.

Direban Jabi: Ku da jirginku. Sana'ata ke nan, hanyar nan nake bi. Mota daga Zariya za ta dire ka a Jabi ko Zuba ba sauke kaya ba ɗora kaya. Kuma a mota ne yara za su ga dutsen Zuma ƙiri-ƙiri a Madalla. Ka ba su takardar naira 100 su riƙe, su duba bayanta su duba dutsen. Wanda ya je Abuja bai ga Zuma ba me ya gani?

Ummu Aiman: Direba ai ba zai ce a hau jirgi ba 😂 Ni dai tun harin Maris 2022 gabana ke faɗuwa da jirgin, hanyar motar ma ga aikin titi da ya ƙi ƙarewa. Allah Ya tsare kawai.

Inna Balaraba: Ɗana, ko me za ka yi, kada ka dogara da cewa kana da ɗan'uwa a Abuja. Bari in gaya maka abin da ya same mu. Akwai ɗan ƙanin maigidana, a gidanmu ya tashi tun yana firamare, da hannuna na yi masa wanka, ni na haɗa masa garin kwaki da ƙuli lokacin da zai tafi makarantar kwana. Allah Ya ɗaukaka shi, yana aiki a can. Shi da bakinsa ya ce Inna ki kawo jikoki su yi hutu. Na kira shi ana gobe za mu taso, ya ce sai mun zo. Muka iso bayan la'asar, ni da jikoki huɗu da buhun kayan tsaraba, har da man shanu da daddawa da na ƙulla wa matarsa. Irin rukunin gidajen nan ne masu ƙofa ɗaya da masu gadi. Mai gadi ya ce ba mai shiga sai an kira daga ciki. Na kira, waya a kashe. Na kira matar, tana shiga ba a ɗauka. Muka zauna a bakin ƙofa har aka yi isha, ga hadari ya haɗo, ƙaramar tana kukan yunwa. Mai gadin ne, wani bawan Allah ɗan wajen Sakkwato, ya ba mu bencinsa ya sayo wa yara burodi da shayi, ya kuma tare mana mota zuwa wani masauki. Kuɗin da na ƙulle don yara su hau lilo su sha ayis kirim, a ɗakin nan ya ƙare. Da safe sai ga saƙo wai tafiya ta kama shi ba shiri. Ko gaisuwa bai zo ba. Jikokina ba abin da suka gani a Abuja sai ƙofar gidan nan da tasha. Har yau in aka ambaci garin, babban sai ya ce garin da aka hana mu shiga.

Ummu Aiman: Innalillahi. Inna wallahi har na yi hawaye. Allah Ya saka wa mai gadin nan da alheri.

Ɗanliti: Halinsu ke nan. Da mutum ya sha ruwan Abuja sai wayarsa ta daina shiga. Amma ranar da zai nemi takara ko aka yi masa rasuwa, ya san hanyar gida.

Abu Sadiƙ: Allah Ya ba ki haƙuri Inna. Ni dama masauki zan kama. Wanda ya san kuɗin shiga wuraren wasan yara fa? Da na kwale-kwale a tafkin Jabi?

Sani Dutse Alhaji: A Magicland, wanda da ake kira Wonderland, kuɗin ƙofa daban, kowane lilo da nasa. Da yara uku 30,000 ba za ta yi maka komai ba.

Maman Hanifa: Mu 15,000 muka kashe suka more. Ka gaya musu tun daga gida kowa abu biyu zai hau. A Jabi kuma kada ka sa auta a kwale-kwale sai an ba ta rigar kariya daidai jikinta.

Injiniya Wuse: A riƙa barin mazauna gari su yi magana. Wanda ya zo ya kwana ya tafi ba zai san farashi ba.

Maman Hanifa: Injiniya, mutumin cewa ya yi wanda ya je da yara. Kai yaushe rabonka da kai naka wurin wasa? Mazauna Abuja daga ofis sai gida, baƙo ya fi ku sanin inda lilo yake.

Malam Nuhu: Ku bar musu. Abu Sadiƙ, in kun isa da wuri ku samu Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa, yara su ga ƙubbar nan da hasumiyoyi huɗu. Bayan salla kasuwa ce ke ci a wajen, littattafai da turare da huluna. Sannan a kula da motocin wan-cans, wato na ɓarayi masu ɗaukar fasinja kamar tasi su yi masa fashi. Kada ka tsaya bakin titi ka shiga tasin da ka tarar da mutane a ciki, ka je tasha ko ka kira ta manhajar waya.

Hajiya Kubwa: Inna Balaraba, abin da aka yi miki bai kyautu ba, wanda ya gayyace ka dole ya karɓe ka. Amma Ɗanliti, kada ka yi mana kuɗin goro. Ba duk wanda ke Abuja ne minista ba. Ɗaki biyu da falo muke haya, maigida albashi yake ɗauka, ruwa wajen 'yan garuwa muke saye. Gidana bai taɓa rabuwa da baƙi ba: mai neman aiki, mai zuwa asibiti, mai biza, mai bin fansho. Wasu sai sun iso Zuba za su kira. Wani ya ce kwana biyu, ya share wata yana jiran a kira shi intabiyu, yarana suna kwana a falo. Ranar da ka ce babu wuri, kafin ka ajiye waya labari ya kai gida cewa ka yi kuɗi ka manta da dangi.

Ɗanliti: To Hajiya, ku da kuka zo gida da salla wa ke ce muku babu wuri?

Hajiya Kubwa: Mu da muka zo, da buhun shinkafa muke zuwa.

Inna Balaraba: 'Yata, ni ma ba hannu rabbana na je ba.

Sani Dutse Alhaji: Hajiya ta faɗi gaskiya. Bana mai gidan da nake haya ya ƙara kuɗi ba ko sanarwa, ga na dillali ga na lauya in ka ce za ka tashi. Abokan aikina da yawa sun koma Suleja da Mararraba, kullum su fito kafin asuba saboda cunkoson hanya. A haka za a ce ka ajiye ɗakin baƙi?

Direban Jabi: Haya ai laifinku ne, ku kuke rububi. Kafin a cire tallafin mai a 2023 nawa nake ɗaukar fasinja, yanzu nawa? Ba wanda ya tausaya mana.

Abu Sadiƙ: Jama'a, har yanzu ban ji ba: ita auta 'yar shekara 3 sai na saya mata kujera a jirgin, ko a cinya za a riƙe ta?

Injiniya Wuse: Malam Sani, nawa ya ƙara maka? Namu cewa ya yi ko mu biya na shekara biyu a dunƙule ko mu ba shi makullinsa.