Muhawara: wanda kulob ɗinsa ya daɗe yana ba shi ciwon rai, ya bar shi ko ya zauna?

Kawu Direba: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da magana kuma na san wasunku ba za su ji daɗinta ba. Ni a ganina duk wanda kulob ɗinsa ya shekara goma ko fiye yana ƙunsa masa baƙin ciki to ya rabu da shi, ko ya koma wani ko ya bar kallon ma baki ɗaya. Jiya da dare, 27 ga Agustan 2025, Grimsby, ƙungiyar da take mataki na huɗu a Ingila, ta fitar da Manchester United daga kofin lig, an tashi 2-2 aka je fenariti suka cinye 12-11, ba a gama ba sai bayan sha biyun dare agogon nan, yau da safe yara biyu da muke gida ɗaya da su babu wanda ya iya karyawa, ɗayan ma haka ya fita dawam, wato aiki, ido jajur zai ja mota a cunkoson Jidda. Mun baro gida mun zo neman halal, ga kafili ga kuɗin iƙama ga 'yan gida suna jiran aike, sannan mutum ya ƙara ɗora wa zuciyarsa kayan da ba nasa ba. Wannan cutar da kai ne, ba soyayya ba ce.

Ɗan United: Wa alaikumussalam Kawu, Allah ya ƙara girma. Wallahi ba zan musa maka ciwon ba don ni ma ban runtsa ba jiya. Amma inda ka ce a bari a koma wani nan ne ban gane ba, saboda ni ban zauna na duba teburi na zaɓi United ba, yayana ne yake riƙe hannuna zuwa gidan kallo a Fagge ina yaro, daren 2008 da muka ci Chelsea a fenariti a Mosko a kafaɗarsa na koma gida. Yanzu shi yana Kano ni ina nan, wata sai ya wuce ba mu yi wata doguwar hira ba in ba ta ƙwallo ba, ana tashi daga wasa shi ne na farko da zai kira ni ko an ci mu ko mun ci. In na bar United Kawu da me za mu riƙa buɗe hirar?

Kawu Direba: Da gaisuwa da tambayar iyali mana ɗana, kamar kowa.

Ɗan United: Ana yi Kawu, minti biyu ta ƙare. Ta ƙwallon ce take kai mu awa guda har a ciki ya gaya min abin da yake damunsa na gaske. Kuma kar a ɗauka ban san halin da muke ciki ba, Ferguson ya ɗauki firimiya 13, na ƙarshe 2013 ya yi ritaya, tun daga nan shiru. Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, Amorim, kowanne ya zo sai a ce mana shi ne maganin. Liverpool ta zuba mana 7-0 a 2023, kakar da ta wuce na 15 muka ƙare da maki 42, muka je Bilbao Tottenham ta cinye mu 1-0 a wasan ƙarshe na Europa. Duk na gani da idona kuma har yau in an fito da sunayen 'yan wasa sai gabana ya faɗi saboda sa rai.

Anti Nas: Ni dai ina bayan Kawu, kuma ba don ban san daɗin abin ba. Wannan faɗuwar gaban da ƙanena yake faɗi ba a baki kawai take ba, jiki ne yake sakin sinadaran tashin hankali, bugun zuciya ya ƙaru jini ya hau, ga rashin barci a kai. Likitoci a Munich sun bi diddigin masu zuwa asibiti lokacin kofin duniya na 2006 suka buga sakamakon a 2008, ranakun da Jamus take wasa masu zuwa da matsalar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau biyu, a maza ma abin ya fi yawa. Mutanenmu da yawa a nan suna yawo da hawan jini da suga ba su ma taɓa gwadawa ba, mutum ya yini a rana yana aiki, ya sha gahawa da shayi har dare, ya zauna wasan da ake farawa sha ɗaya na dare lokacin sanyi a tashi ƙarfe ɗaya. Sannan akwai abin da ku maza ba kwa gani, mata ne suke shan sauran fushin. Ranar da aka ci kulob ɗin maigida yara ma sun san su lallaɓa su kwanta, an yi girki an ajiye ba a taɓa ba, ki yi magana a ce kin cika surutu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan United: Wannan na huce haushi a kan iyali kam ban goyi bayansa ba Anti, haƙƙi ne. Amma halin mutum ne, mai yin haka ko ƙwallo babu zai samo dalili.

Anti Nas: To ai ƙwallon tana ba shi dalilin sau biyu a sati.

Ɗan Ahli: Ku ba ni dama in shigo don mu mun ga abin da ya fi na United muni. Yunin 2022 Ahli ta Jidda ta faɗa ƙasa karon farko a tarihinta, ranar ƙarshe ta kaka, na ga dattawan Jidda masu furfura suna kuka a fili, 'yan Ittihad, abokan hamayyarmu, kuwa ba a magana, fita da koriyar jesi a unguwa sai mai ƙarfin hali. Mutane nawa suka ce min khalas ya akhi koma Hilal ka huta? Ban koma ba, muka yi shekara guda a Yelo, lig ɗin mataki na biyu, muna zuwa garuruwan da da ba ma jin sunan kulob ɗinsu, muka ɗauki kofin muka dawo 2023, sai ga Mahrez ga Firmino ga Mendy ga Kessie, watan Mayun 2025 a filin Jauhara muka ci Kawasaki 2-0 muka ɗaga kofin zakarun Asiya. Wallahi Kawu daɗin da na ji a daren nan wanda ya gudu a 2022 ko ya dawo ba zai ji rabinsa ba, saboda bai biya kuɗinsa ba. Mahaƙurci mawadaci.

Ɗan Wahda: Ɗan'uwa na taya ka murna amma kar mu ruɗi yaran nan. Ba haƙurinku ne ya kawo Mahrez ba. Watan Yunin 2023 asusun zuba jarin gwamnati ya karɓi kashi 75 na kulob huɗu, Hilal da Nasr da Ittihad da Ahli, kuɗi ya shigo shi ya sa kuka tashi. Mu Wahda ta Makka fa? Mu ma mun yi haƙurin, tun ina yaro a Sharar Mansur nake bin ta zuwa filin Shara'i, mu hau mu sauka mu hau mu sauka, har Ighalo ya zo mana a 2023 muka ce to ga namu ya iso, ƙarshen kakar da ta wuce muka sake faɗawa tare da Uruba da Ra'id. Babu wanda ya yi mana alƙawarin komai kuma ni ba na sa ran zan ga Wahda ta ɗaga lig kafin in mutu, gaskiya nake faɗa. In hujjar zama ita ce wata rana za a dara to ni hujjata ta rushe tuntuni, Kawu ya ci muhawara. Ni abin da ya zaunar da ni daban ne, kulob ɗin garin da aka haife ni ne, a tsakanin 'yan kallonta ne na fara jin babu mai tambayata daga ina kakanka ya zo, jar jesi kawai ake gani, wanda ke gefenka ya rungume ka in an ci ƙwallo bai san sunanka ba. Wanda ya tashi a nan yana jin ana kiransa takari ya san nauyin abin da nake faɗa.

Ɗan Ahli: Kuɗi ya taimaka ban ƙi ba, amma da filin ya zama kango lokacin muna Yelo ai da ba a ga darajar kulob ɗin ba.

Ɗan Wahda: Wataƙila. Ni dai ba na so a riƙa gaya wa mutum yi haƙuri kofi na tafe, in bai zo ba ciwon ninkuwa yake.

Sai Masu Gida: Maganar Ɗan Wahda ita ce tawa kuma a nan zan raba muku gardama. Akwai kulob ɗin gida akwai na talabijin. Kano Pillars tawa ce, lig huɗu 2008 da 2012 da 2013 da 2014, muka faɗa a 2022 har da zaftare mana maki saboda rikicin 'yan kallo, muka dawo 2023, Ahmed Musa da ya ɗauki lig da Nasr a nan ƙasar ya koma ya saka jesinmu. In an ci Pillars ina da dalilin jin zafi, filinta a Ƙofar Mata yake, garina ne. Amma Manchester? Iyalan Glazer tun 2005 suke riƙe da ita suna Amurka, ba su san akwai wani a unguwar Karantina a Jidda da ya ƙi cin abinci saboda su ba. Don haka hukuncin Kawu ya hau kan na Turai, na gida kuwa ba a barinsa.

Ɗan United: Yaya wannan rabon bai yi adalci ba. Kai ma yanzu a waya kake bin Pillars kamar yadda nake bin United, rabonka da filin Sani Abacha tun yaushe? Kuma su masu Pillars ɗin sun san ka? Zuciya ba ta duba taswira kafin ta kamu, abin da ka tashi da shi shi ne naka.

Sai Masu Gida: Ba su san ni ba amma in na sauka Kano zan hau adaidaita in je in zauna a filin. Kai fa?

Ɗan Omdurman: Salamu alaikum, tun ɗazu ina karantawa. Ni ɗan Marik ta Sudan ne, babana ya sha ba mu labarin 1989 da muka ɗauki kofin Afirka a hannun Bendel United ta Najeriya, gidanmu Hausawa ne amma ranar babu wanda ya tuna da haka. Tun da yaƙi ya tashi 15 ga Afrilun 2023 babu lig ɗin kirki a ƙasarmu, Marik da Hilal ta Sudan sai Muritaniya suka je suka buga kakar da ta wuce a lig ɗin mutane. Kuna maganar ciwon a ci ka, wallahi ina marmarin wannan ciwon, in zauna a filinmu Hilal ta ci mu in koma gida ina fushi in tarar da gidan yana nan da mutanensa. Yanzu danginmu wasu suna Masar wasu Fatsudan wasu nan, abu ɗaya da yake haɗa mu a lokaci guda shi ne ranar wasan Marik, kowa ya kunna inda yake. Kawu in na bar wannan ban san me zai rage min na can ba.

Kawu Direba: Allah ya kawo muku zaman lafiya ɗana, ya mai da kowa gidansa. Naka daban ne ba zan saka shi a wannan ma'aunin ba. Amma sauran ku lura, duk cikinku babu wanda ya ce min ƙwallon ce take riƙe da shi, wannan ya ce yayansa, wannan ya ce unguwarsu, wannan ya ce garinsu. To ku riƙe yayan da unguwar, ku sassauta wa sakamakon. Ni abin da nake gani da idona shi ne yaro ya makara sallar asuba, ya zagi abokinsa saboda tsokana har su yi wata ba sa magana, ya biya riyal ɗin da zai aika wa tsohuwa a kuɗin tashar kallo. Kuma su 'yan wasan suna karɓar albashinsu ko sun ci ko an ci su.

Ɗan United: Ba a raba su Kawu, in sakamakon bai dame ni ba to hirar ma ta mutu, sai ta zama kamar labarin yanayi. 'Yan Liverpool daga 1990 har 2020 suka jira lig, da sun bi shawararka fa?

Ɗan Wahda: Ka sake komawa ga alƙawarin kofi ƙanena. Ka tambayi kanka in United ba za ta ƙara ɗaukar firimiya ba har abada za ka zauna? In eh ne to ka zauna da hujja, in a'a ne gara ka saurari Kawu tun yanzu.

Ɗan United: Zan zauna. Ba zan ce ba zai yi min ciwo ba amma zan zauna.

Anti Nas: To tunda babu mai tashi, ga abin da nake roƙo. Duk wanda ya haura arba'in a gidan nan ya shiga kemis ya gwada jininsa wannan satin, minti biyar ne. Mai shan maganin hawan jini kar ya tsallake ranar wasa, wanda ya ji ƙirjinsa ya riƙe ko zafi yana sauka hannu yana cikin kallo ya tashi a kai shi asibiti, kar ya ce bari a tashi daga wasan tukuna. Kuma in an ci ku ku zaga waje ku sha iska kafin ku shiga wa iyali.

Kawu Direba: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma maganata tana nan ban janye ba, shekara 12 babu lig kuma mutum yana hana kansa barci, ni ban ga ribar ba. Yaron da ya fita da mota ɗazu har yanzu bai ɗaga wayata ba, bari in sake gwadawa.