Banso na yankan ƙarfe a garejin gida: in saya ko in kama shago?

Mai Walda Badariya: Assalamu alaikum masu sana'a. Shawara nake nema kafin in saki kuɗi. A garejin gidanmu nake aiki, nan Badariya a Birnin Kebbi: ƙofofi, tagogi, kujerun makaranta. Yawanci fayif mai kusurwa huɗu nake yanka, kaurinsa milimita 1.2 zuwa 1.5, sai angul da rodi. Bangon garejin bulo ne inci shida, kuma bayansa ɗakin mahaifiyar maƙwabcina ne. Injin kotin mai faifai inci 14 ya ishe su, an yi mini magana sau biyu cikin mutunci, ba na son ta uku ta zama a gaban mai unguwa. An kawo mini tallar ƙaramin banso guda biyu, wato injin yanka mai zarto da ke zagayawa kamar bel, mai kwanciya, wanda ke cin ƙarfe har inci 4 da 6: sabo ɗan Caina daga Kano dubu 520, da ɗan Beljiyam mai wuta bolt 110 dubu 340. Wanne zan ɗauka, yaya ake saita shi, kuma da gaske ƙarar za ta ragu? In ba haka ba gara in zuba kuɗin a hayar shago.

Ɗan Kaura: Ka ƙara kuɗi ka sayi babba mai inci 7 da 12, mai famfon ruwa. Ƙananan nan wasan yara ne.

Mai Walda Badariya: Oga, gareji ne fa, babban ba zai bar mini wurin juyawa ba.

Injiniya Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Ƙarar za ta ragu sosai, ƙanena. Faifan kotin yana juyawa kusan sau 3,800 a minti, gurzar ƙarfe yake yi, ƙararsa kan haura desibel 100. Zarton banso kuwa tafiyar hawainiya yake, matakan gudu uku ne a fulinsa, inda bel ke hawa, wajen mita 20, 30 da 50 a minti. Baƙin ƙarfe a bar shi a na tsakiya, silba mai tauri a na ƙasa, alminiyom a na sama. Amma ka sani, hayaniyar ƙaramin banso ba daga yankan take fitowa ba. Daga abubuwan da ke karkarwa ne, kuma mai laifi na ɗaya shi ne teburin gwangwani da yake zuwa da shi. Kada ma ka haɗa shi. Kai mai walda ne, yi wani da angul milimita 40 a 40, ka shimfiɗa katako inci biyu a sama, ka ɗaure injin da noti, ƙarƙashin kowace ƙafa ka sa yankin tsohuwar tayar mota. Kada ya taɓa bangon Hajiya ko ta wace hanya, ka ja shi mita ɗaya aƙalla. Girgiza ta cikin siminti take bi, ita ce ke hana mutum barci ko da bai ji kukan inji ba. Murfin bel da na zarto kuma ka manna musu filashban daga ciki, irin wanda ake like kwano mai yoyo.

Bakatsine a Gusau: Bakabe da zarto! Giwan ruwa za ka riƙa yankawa ko ƙarfe? In kifi ne ai wuƙa ta isa.

Maƙerin Jega: Bakatsine, bari manya su gama. Wanga inji saitinshi ya fi sayenshi wuya. Kahin ka kunna, buɗe murfin giyabos ka diba, sau da yawa man da anka zubo mai baƙi na, da yashi ciki. Zubar da shi, wanke da kananzir, sa man giya mai lamba 140. Ka guji wanda anka rubuta GL-5 a jikin galan, giyar ciki tagulla ta, wasunsu suna cinta. Sannan zarto: tsawonshi inci 64 da rabi, hwaɗi rabin inci. Haƙora su dibi wajen moto, in sun juya baya ka birkice shi kamar riga. Ɗaure shi tamau, sakakken zarto shi ka kuka shina karkace yanka. Boris ɗin da ke riƙe da shi gefe da gefe su taɓa shi kawai, yadda za ka iya juya su da yatsa da ɗan ƙarhi. Na baya kuma kada ya danne shi sai an fara yanka. Jawo hannun boris kusa da aikin, kada ka bar tazara. Daga nan ka aza sikwaya, ma'aunin kusurwa, tsakanin zarto da bais, wato mamatsin ƙarhen da za a yanka, kada ka yarda da lambobin da anka rubuta a jiki.

Mai Tagogi Samaru: Duk wannan daidai ne, amma ku bar zancen saiti, ku yi zancen zarto, don nan ake yanka mu ba ƙarfe ba. Wani ɗan kasuwa ya sayar mini da guda biyar, dubu 18 kowanne, ya rantse M42 ne, wato mai ƙarfe biyu da haƙoransa suka fi tauri. Na farko bai gama fayif goma ba haƙora suka zube kamar na tsohuwa. Na biyu ya tsinke daidai wurin haɗi. Na uku tun daga kunnawa yake "tak, tak, tak", na duba na ga waldar haɗin ta yi tudu, ba a goge ba, duk zagaye sai ta daki boris. Na koma wurinsa ya ce ban iya aiki ba. Kwangilar tagogi ce a hannuna, sai da na koma giranda har ƙarfe goma na dare, maƙwabtan da na sayi injin dominsu su ne suka kai ƙarata. Dubu 90 ta tafi, ga kunya. Har yau biyun suna rataye a ƙusa, ina kallonsu. Allah ya isa.

Ɗan Kaura: Dubu 18? An cuce ka tun a kuɗi. A Ƙofar Ruwa dubu 9 ne.

Mai Tagogi Samaru: Na dubu 9 baƙin ƙarfe ne zalla, ba mai ƙarfe biyu ba. Yaushe rabonka da Kano?

Mai Riwaya Gesse: Ni dubu 25 aka ce mini a Kaduna watan jiya. Kuma sabon injin ma an ce ya haura dubu 600, ban san inda Mai Walda ya samo 520 ba.

Injiniya Mai Ritaya: Mai Tagogi, Allah ya mayar da alheri, amma haƙora nawa ne a inci a zartunan nan?

Mai Tagogi Samaru: Goma.

Injiniya Mai Ritaya: To rabin laifin ba na mai shago ba ne. Haƙora goma a inci, tazarar kowane biyu milimita 2.5 ke nan. Fayif mai kauri 1.2 yana faɗawa tsakaninsu, haƙori ɗaya ya ɗauki nauyin injin duka, dole ya karye, kuma kafin ya karye sai ya yi ta ihu. Ƙa'ida ita ce haƙora uku su kasance cikin ƙarfe lokaci guda. A siririn fayif ba a cika samun haka ba, shi ya sa ake neman 18 ko 24, a kuma ƙara ɗaure sifirin ɗin gefe don kan injin ya sauka a hankali. Rodi da angul mai kauri su ne na 10/14, wato zarto mai haƙora manya da ƙanana a gauraye, kuma gaurayayyun haƙora irin wannan sun fi shiru. Sabon zarto ba a sakar masa nauyi: yanka goma na farko ka tallafe kan da hannu, rabin nauyi kawai.

Mai Tagogi Samaru: Yallaɓai, da girmanka, lissafin aji daban, kwangila daban. Tudun waldar ma haƙora ne suka jawo shi?

Maƙerin Jega: Tudun dai laihin mai haɗi na, ana goge shi da ƙaramin dutse a huta. Amma zancen haƙora Baba Injiniya ya fi ka gaskiya, ko da bai taɓa riƙa kwangila ba.

Mai Tagogi Samaru: Wanda bai taɓa asarar sisi ba shi ya fi kowa iya shawara.

Malama Mai Koyar da Sana'a: Ku yi haƙuri, mai tambaya yana jira. Malam, abu uku da ba a faɗa ba. Guntun da aka yanke in ya faɗi kan siminti ya fi injin ƙara, ka ajiye bokitin yashi a ƙasa. Dogon fayif yana amsa kuwwa kamar ƙararrawa, ka tallafe jelarsa da abin tokara mai roba, ka ɗora masa ƙaramin buhun yashi. Angul kuma a kife shi kamar jinka a cikin bais. Kwalin ƙwai da katifar soso a bango ɓata kuɗi ne, ba sa tare ƙara, kuma tartsatsin walda ɗaya ya ishe su kama wuta. Nauyi ke tare ƙara, sai toshe kafa: filasta a bangon, silin a ƙarƙashin kwano, roba a bakin ƙofa.

Bakatsine a Gusau: Ko ya riƙa aika wa Hajiya goro duk Juma'a, ya fi filasta araha.

Mai Walda Badariya: Na gode ƙwarai. Amma har yanzu ba a ce mini komai kan sabo ko Beljiyam ba.

Mai Riwaya Gesse: Karanta farantin da ke jikin moton. In an rubuta 115/230, canza haɗin waya kawai za a yi. In 110 ne kaɗai kuma 60 Hz, na Amurka ne, sai da tiransifoma, kuma a wutarmu mai 50 zai ragu daga juyi 1,725 zuwa wajen 1,440, ya fi ɗaukar zafi. Ga zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu. Amma ko wanne ka saya, wutar ce abin tsoro. Moton nan yana jan ninki biyar ko shida na wutarsa wajen tashi. In ta zo rabi sai ya tsaya yana gurnani, ka ɗauka ƙarar inji ce, alhali waya ce ke dahuwa. Da ka ji haka kashe. Ƙaramin janareto ma ba ya tada shi, nemi 2.5 kVA.

Ɗan Kaura: Ka ga an rage ƙarar zarto an kawo ta janareto.

Mai Tagogi Samaru: Wace wuta ma? Mu kwana huɗu ke nan ko ƙyalli babu, amma takardar biya ba ta taɓa makara ba. Jiya na auna a shagon wani, bolt 150 ta nuna. Mai Riwaya, sitabilaiza mai 3,000 zai riƙe moton, ko shi ma ƙonewa zai yi?

Mai Riwaya Gesse: Ya danganta da irinsa. Mai ƙarar "ƙas ƙas" ne ko mai juyawa a hankali? Turo hoton bayansa in gani.