Waɗanda suka taɓa zuwa kotu kan riƙon yara, ku ba mu labari

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aurena ya mutu, muna da yara biyu, babbar shekararta 9, ƙaramin 4. Mun kasa daidaitawa da babansu kan inda za su zauna, har magana ta kai kotu. Ina da lauya, amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka bi ta wannan hanyar. Me alƙali yake dubawa? Ana jin ta bakin yaran kuwa? Wallahi barci ma ya ƙaurace min.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo sauƙi. Ni a Ingila aka yi tawa shari'ar. Kafin a karɓi ƙarata sai da na je zaman farko da mai shiga tsakani, domin doka ta wajabta hakan, sai fa in akwai duka ko cin zarafi a gidan. Sulhu bai yiwu ba, muka wuce gaban alƙali.

Ba wanda ya tambaye mu wa ya kashe auren. Dokar yara ta 1989 a can ta sa maslahar yaro gaba da komai, kuma a kanta aka yi ta juya mu. Jami'ar Cafcass, hukumar da ke duba maslahar yara a kotunan iyali, ta fara kirana a waya, suka kuma bincika wajen 'yan sanda da ofishin jin daɗin jama'a ko akwai wani abu a kanmu. Daga baya ta zo gida. Ta leƙa ɗakin da yaran za su kwana, ta tambaye ni sunan malamar ajin ɗana, da wa yake kai shi asibiti in asmarsa ta tashi, da inda nake ajiye maganin shaƙarsa. Na amsa duka, domin dama ni nake kai shi. Hukuncin da ya fito: ranakun makaranta suna wajen mamansu tunda gidanta ya fi kusa, ni kuma ƙarshen mako ɗaya cikin biyu da rabin hutu. Raina ya so fiye da haka, amma na ga dalilin.

Kakar Jikoki:
'Yata, ki kwantar da hankalinki. Tamu a kotun da ke hukunci da mazhabar Malikiyya aka yi. A nan uwa ce ta fi cancanta da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Da ɗiyata ta sake aure, tsohon mijinta ya ɗauka shi kenan yaran sun koma hannunsa. Alƙali ya ce a'a, in riƙo ya bar uwa, kakar wajen uwa ce ke biye. Ya tambaye ni lafiyata, da ko zan iya ɗawainiyarsu, sannan ya ba ni su. Ciyarwa da tufafi da magani suna nan a wuyan uban, kuma yana zuwa ya gan su. Ban taɓa hana shi ba, 'ya'yansa ne.

'Yar Tsakiya:
Anti, ni ce yarinyar da aka yi shari'a a kanta, ina 'yar shekara 11 lokacin. Ba a shigar da ni ɗakin kotu ba. Wata mata ce ta zauna da ni a wani ƙaramin ofis, ta ba ni takarda da fensir mai launi, ta ce in zana gidajen biyu da waɗanda ke ciki. Ba ta ce in zaɓi wanda na fi so ba. Tambayarta ita ce a ina nake yin aikin gida na makaranta, wa nake tasa in na yi mugun mafarki, me nake tsoro.

Sai da na girma na san cewa yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 12, ta ba yaro haƙƙin a saurare shi, a kuma ba maganarsa nauyi daidai da shekarunsa da hankalinsa. An saurare ni, amma ba duk abin da na roƙa aka yi ba, kuma na ji daɗi da ba a ɗora min yanke hukuncin ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne daren da ya gabaci zaman, kowanne cikin iyayena ya ja ni gefe yana koya min abin da zan faɗa. Matar ta gane, domin kalmomin manya ne suke fita daga bakina. Don Allah Anti, kada ki yi wa babbarki haka. Ki ce mata kawai ta faɗi gaskiya, ba za ki yi fushi ba.

Mai Haƙuri:
Ga wadda akwai duka a nata labarin, kada ta ɓoye saboda kunya. Ni na kai takardar asibiti da saƙonnin barazana da tsohon mijina ya turo min. Ba a yanke shi da yaran ba, amma an sa ya riƙa ganinsu a wata cibiya, ma'aikaciya na zaune. A Ostiraliya nake, kuma tun watan Mayun 2024 an cire ƙa'idar da ta sa kotu ke farawa da ɗauka cewa iyaye biyu za su raba ikon yanke shawara daidai. Yanzu tsaron lafiyar yaro da na mai riƙonsa yana cikin abin da alƙali ke fara aunawa.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. 'Yar Tsakiya, maganarki ta sa ni hawaye, kuma na ɗauka. Saura tambaya ɗaya: iyayena suna wata ƙasa, suna ta cewa in kwaso yaran in taho kafin a gama shari'ar.

Baban Yara:
Kada ki kuskura, 'yar uwa. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1980 kan ɗauke yara zuwa wata ƙasa ba da izini ba, in ƙasashen biyu suna cikinta za a iya ba da umarnin a mayar da yaran inda suka saba zama, ki dawo kotu da laifi a kanki. In har kina son ƙaura, ki sa lauyanki ya nemi izinin kotu, ki nuna makarantar da za su shiga, da gidan da za ku zauna, da yadda babansu zai ci gaba da ganinsu.