Peugeot 504: kik yana juya inji amma mota ta ƙi tashi

Mai504:
Assalamu alaikum. Masana ku taimaka don Allah. Peugeot 504 ce mai kafireta, haɗin Kaduna, injin 2.0. Jiya lafiya lau aka ajiye ta, yau da safe kik yana juya injin da ƙarfinsa amma ko tari ba ta yi. Akwai mai a tanki, fitilu suna kamawa. An ce min a kwance kafireta a wanke. In fara daga nan?

Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa kafireta tukuna. Motar da ta kwana lafiya ta wayi gari ko tari babu, galibi wuta ce ta ɗauke mata. Kuma ka daina danne makulli, daƙiƙa 10 ta isa a kowane gwaji, in ba haka ba batir zai mutu ka ƙara wa kanka aiki.

Zare babbar wayar da ta taso daga kwayil (mai haɗa wutar fulogi) zuwa tsakiyar hular distiributa (mai raba wutar ga fulogi). Riƙe ta da filaya mai hannun roba, bakinta kamar milimita 6 daga jikin inji, wani ya murɗa makulli. In ka ga tartsatsi shuɗi yana ƙara ƙas ƙas, kwayil da kwantak (ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiributa) lafiya suke, sai ka duba rota, wayoyin fulogi da cikin hular: damshi, tsaga, ko ɗan gawayin tsakiya da ya cinye. In tartsatsin ja ne mai rauni ko babu shi sam, buɗe hular ka dubi kwantak. Juya injin da hannu har bakinsa ya buɗe iyaka, tazarar ta zama milimita 0.40. Ɗan dunduniyar da ke gogar kam yana cinyewa a hankali har tazarar ta rufe, kuma kwayil ba ya ba da wuta sai a daidai lokacin da kwantak ya buɗe. In fuskokinsa sun ƙone sun yi rami, kwandansa ce ta gaji. Canza kwantak da kwandansa tare, kada ka canza ɗaya ka bar ɗaya.

Da ƙwan gwaji ma za ka gane. Makulli a buɗe, gefen + na kwayil dole ya kunna ƙwan. A gefen − kuma ya riƙa ƙiftawa yayin da inji ke juyawa. In ya tsaya a kunne, kwantak ba ya haɗuwa. In bai kunna ba, ba ya buɗewa ko waya ta taɓa jiki.

TsohonDireba:
Gaskiya Oga ya faɗa. In wuta ta samu, sai mai. Cire iyakilina, inji a kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireta wani ya taka totur. Ya kamata ka ga fetur ya feso siriri. In babu, zuba fetur cokalin shayi ɗaya ko biyu a maƙogwaron, ka kawar da galan nesa, ka janye fuskarka, domin wuta tana iya dawowa ta sama. Ta tashi ta mutu? To mai ne ba ya isowa. Zare tiyon da ya fito daga famfon mai ka sa a kwalba a yi kik. Rashin fesowa da ƙarfi yana nufin filta ta toshe da tsatsar tanki, ko robar famfo ta yage, ko tiyo ya tsage yana zuƙar iska. Bar kwalbar ta natsu, in akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasa.

Wani lokaci kuma man ne ya yi yawa. Fulogi a jiƙe yana warin fetur, shanya shi, gyara tazararsa zuwa milimita 0.6, mayar da cok, take totur har ƙasa ka riƙe, sannan ka yi kik.

Bakanike:
Ƙari ɗaya, Malam. In ka zare wayoyin fulogi, jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a Peugeot silinda ta ɗaya ita ce ta wajen giyabos, ba ta wajen lagireto ba. Nan yara da yawa suke rikita mota. Ka kuma lura ko rota yana juyawa lokacin kik. In wuta da mai duk sun samu amma injin yana gudu sakayau fiye da yadda ka saba ji, a auna kwamfireshan. Silinda huɗun su zo kusa da juna. Biyu na jere da suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu.