Zan zo Kano kwana huɗu, daga ina zan fara?

Ɗan Zangon Kumasi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kakana Bakano ne, fataucin goro ya kawo shi Gwanja, a nan ya rasu. Ni ban taɓa taka Kano ba. In Allah ya yarda zan zo da uwargida a watan Disamba, kwana huɗu kawai gare mu. Don Allah ku ba ni shawara.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam, maraba da ɗan gida. Ka zaɓi lokaci mai kyau, ka tsallake zafin Afrilu. Sai dai ku zo da rigar sanyi da man shafawa, hunturun nan ba irin naku ba ne. Ranar farko, ana idar da sallar asuba ku nufi Dutsen Dala. Daga sama za ka ga Goron Dutse da rufin tsohon birni gaba ɗaya. In ka ga garin daga can, duk inda ka shiga daga baya ba zai rikita ka ba.

Maman Ilham: Malam, asuba kuma? Da hazon Disamba ba abin da zai gani sai fari fat. Ya bari rana ta ɗan ɗaga. Ni Gidan Makama zan ce ya fara, kusa da fadar sarki. A nan za a yi masa bayanin Bagauda, da ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, da yadda Turawa suka ci garin a 1903. Ginin kansa abin kallo ne, tun zamanin Muhammadu Rumfa yake, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Baban Khalifa: Gaskiyarki Hajiya, na manta da hazo.

Bamarina: Kada ka bar Ƙofar Mata. Marinar nan a jikin ƙofarta an rubuta 1498. Da baba da toka ake haɗa ruwan, a bar shi kwanaki ya nuna, sannan a riƙa tsoma yadi ana ɗagowa yana shan iska har shuɗin ya kama. Ka tsaya ka ji karar mabuga ma. Abin da ke ci mini rai, ramuka da yawa sun zama kufai, yara ba sa son sana'ar. In ka je ka sayi ko da turmi ɗaya ne, kada ka ɗauki hoto kawai ka wuce. Kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki dattawan.

Maman Ilham: Kasuwar Kurmi kuwa ku shiga da ɗan gari, lungunanta suna ɓatar da baƙo. Kayan fata, sirdi da linzami, turare, duk a can. Atamfa da shadda sai Kantin Kwari, wannan ni zan raka uwargida in tana so. A Daidaita Sahu kuma ku yi ciniki kafin ku hau.

Ɗan Zangon Kumasi: Allah ya saka da alheri. Hawan sarki fa?

Baban Khalifa: Hawan Daushe da na Nasarawa sai da sallah, kuma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da su, kada ka ɗora tafiyarka a kai. Amma bari in tambaye ka, ka san unguwar kakan naka? In ka sani, ka ware yini guda, ka je wurin mai unguwa da sunansa da na mahaifinsa. Dattawan cikin birni suna riƙe da asalin gidaje fiye da yadda kake zato. Ka leƙa kasuwar goro ta Mariri ma.

Ɗan Zangon Kumasi: Gwaggona tana nan da rai, ita ce ƙaramarsu. Yau da daddare zan je in tambaye ta.

Maman Ilham: Ka tambaye ta har da sunan kakarku. Gurasa bandashe kuma tana jiranku a Jakara.