Ƙanwata ta yo yaji kuma: a maida ta ɗakinta ko a fara kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa?

Maman Hanifa
Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nike nema, don Allah a karanta duka kahin a amsa. Ƙanwata ce ciki ɗaya, shekararta 23, ta yo yaji satin nan kuma ba shi ne na farko ba, mijin ya aiko kawunshi biko Baba ya ce ran Juma'a za ta koma. In gaskiya za a faɗa mijin nan ba shi da wani laihi babba. Tun tana koleji haka take, in ta so mutum ba ta ganin kowa sai shi, ƙawa ce ko malama ko saurayi, kwana biyu abu kaɗan ya haɗa su ta ce babu mugu irinshi a duniya. In mijin ya tahi Jibiya sarin kaya ya yi dare ta dinga kira har batir ya mutu, in bai ɗauka ba ta ce ya samu wata zai sake ta, ta fasa kwanuka, bayan awa biyu kuma ga ta tana kuka tana ba shi haƙuri. Wannan karon muna wanki na ga tabo jere a damtsenta, ta yi maza ta ja hijabi, da dare ta ce mani ita ke yi ma kanta, wai sai ta yi hakan zuciyarta ke sanyi. An yi ruƙiya an yi rubutu an yi hayaƙi, babu aljanin da ya yi magana. Wata malamar asibiti maƙwabciyarmu ta ce a kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Na ɗauki adashe jikka 80. In roƙi Baba ya ɗaga bikon mu fara zuwa asibiti, ko ta koma tukun? Kuma nan Maradi ko Yamai ko Kano, nawa zai ci?

Abban Sadiƙ
Wa alaikumus salam. Wannan jinnul ashiƙ ne ba wata tantama, a kai ta ruƙiya kuma ta riƙe azkar na sahe da marece.

Maman Hanifa
Malam na ce an yi, ba wuri ɗaya ba ma.

Ɗan Kabu-kabu
In dai kiran waya har batir ya mutu ciwo ne to a shirya gadaje don rabin matan Maradi, tawa ma yanzu haka tana kira ina kan babur 😂

Nura Ali Ɗan Sofo
Yaya ni sikoloji na karanta a jami'ar Yamai, ba likita ba ne kuma ba a gane ciwo ta waya, amma abin da kika zayyana ya yi kama da wanda ake ce ma bodalayin cikin matsalolin ginuwar hali. Littafin likitocin Amurka, DSM-5 na 2013, ya kasa su 10 cikin gida uku. Gida na ɗaya masu zargi ne da baƙon hali: mai ganin kowa da mugun nufi, mai gudun mutane da ba ya ma marmarinsu, da mai baƙin tunani da camfe-camfen da shi kaɗai ya yarda da su. Gida na biyu masu zafi ne, nan bodalayin take tare da mai take haƙƙin mutane ba nadama, mai son ido ya dawo kanshi ko ta halin ƙaƙa, da narsisik mai ganin ya fi kowa. Na uku masu tsoro: mai kauce ma jama'a don gudun a kushe shi alhali yana son su, mai rataya rayuwarshi ga wani ba ya iya yanke komi shi kaɗai, da mai tsananin ƙa'ida da bin diddigi. Ita bodalayin alamu 9 ne sai an samu 5, ciki har da tsoron a guje ka, ɗaga mutum sama yau a kayar gobe, fushi mai wuyar riƙewa, jin ciki fanko, da ji ma kai ciwo. Kuma sai abin ya faro tun ƙuruciya ya bi mutum gida da makaranta da aure, ba wai da miji kaɗai ba. Shi ya sa maganar koleji da kika yi ta fi komi muhimmanci.

Hajiya ta Tibiri
Ɗana Nura wancan na hwarko mai zargi, wallahi tsohon mijina ne kamar kai kar raine shi. Shekarun da niy yi gidanai ban taɓa cin tuwo da kwanciyar rai ba. In zai hita shago sai ya share ƙohwar gida da kainai ya lallashe rairai, in ya dawo ya duƙa da tocila yana neman sawun takalmi. Ran da mai kai ruwa da garuwa ya shigo yac ce sawun ya kai bakin ɗakina, alhali randa nan take bakin ɗakin. Abinci sai yaro ya ɗanɗana. Ƙanenai da sunka yi shago tare yac ce yana sace mashi, maƙwabci ya gaishe shi da dariya yac ce akwai abin da ya sani. Maganar da anka yi mashi tun yana saurayi wurin wani suna yana riƙe da ita har da kalar rigar mai maganar. Waje kuwa sahun gaba masallaci, ba ya shan ko taba, kowa Alhaji Alhaji, in na kai ƙara gida a ce ki yi haƙuri kishi ne, son ki yake. Da na haihi na ukku yat tsaya kan jaririn yana duban kunnuwa yac ce danginsu babu mai irin wagga kunne. Ranar na ɗauki ɗana ko zanen goyo na biyu ban ɗauka ba. Ni dai shawarata kada a maida yarinya ga namiji mai zargi, kashe ta zai yi da ranta.

Zainabu Mokoyo
Allah sarki Hajiya, Allah ya saka maki. Yaran suna wajenki?

Hajiya ta Tibiri
Biyu ya ƙwace, ƙaramin da yac ce ba nashi ba shi ab bisa hannuna, kuma duk cikinsu shi yaf fi kama da shi.

Maman Hanifa
Hajiya Allah ya ba ki lada, amma mu mijin ba ya zargi, ita ce ke yi.

Sani Mai Shago
To kun ji, da namiji ne da yanzu an gama tsine mashi, da yake mace ce ta zama marar lahiya a kai ta likita.

Zainabu Mokoyo
Ni maganar kuɗi zan yi. Mun kai ɗan yayata Yamai, Pabiyon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibiti, ganin likita bai kai jikka 5 ba, abin da ya ci mu mota ce da masauki da ordinans, kahin mu dawo jikka 100 ta tahi. Jikka 80 ba za ta kai ku ku biyu ba.

Ɗan Gulbi
Kai Zainabu wace jikka 100, a jirgi kunka je? Ni da jikka 45 na je na dawo da ƙanena har da magani na wata guda.

Zainabu Mokoyo
Kai kana da gidan sauka, mu ba mu da kowa can.

Alhaji Na-Kano
Ku bar wahalar Yamai kilomita fiye da 600. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ta Kano ya fi kusa, ko na Kware kan hanyar Sakkwato in kun bi ta Ƙonni da Illela, ga sefa tana da ƙarfi kan naira, jikka 30 in kin canza ta ishe ki.

Ɗan Gulbi
Alhaji jikka 30 ta wace shekara? Ka lissafa shingayen hanya tukun.

Anfirmiye Rabi
Ku dakata da lissahin mota. Ƴar uwa ki fara tambaya a babban asibitin nan gida sashen masu taɓin hankali, su za su ce ko sai an tura ku gaba. Kuma ku sani wannan ba irin ciwon da za a je sau ɗaya a karɓo ƙwaya a warke ba ne, babu wani magani da aka yi don bodalayin kanta, ana dai ba da na baƙin ciki ko rashin barci in sun haɗu da ita. Asalin maganin zama ne da mai sikoloji a kai a kai, watanni, a koya ma mutum yadda zai riƙe kanshi lokacin da zuciya ta taso. To wa zai dinga zuwa Kano kowane sati? Sannan dole likita ya tantance ko bipola ce, ciwon da ke kai mutum daga tsananin zumuɗi zuwa tsananin baƙin ciki, ita tana ɗaukar kwanaki ko makonni sama ko ƙasa, ba awa biyu ba, ya kuma tambaya ko tana shan tramol ko wani abu, ko an taɓa cutar da ita tana ƙarama. Abin gaggawa yau tabon nan ne. Ki kwashe magunguna da piya-piya da reza daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai da dare, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta sa mutum ya yi. In ta ce e, yau za ku asibiti ba Juma'a ba.

Malam Na-Limanci
Duk wannan karatun nasara ne. Da can sunan abin nan rashin haƙuri da rashin tarbiyya, yanzu kowane mugun hali an ba shi suna an ce ciwo ne. Yaron da bai yi aure ba shi zai ba da fatawa kan yaji?

Nura Ali Ɗan Sofo
Malam ban ce kowane mugun hali ciwo ne ba, kuma ciwon ba ya ɗauke ma mutum alhakin abin da ya yi. Su kansu likitocin suna gardama kan rabon, OMS, hukumar lahiya ta duniya, a sabon kundinta da ya fara aiki Janairun 2022 ta bar kasawa goma, tana duban tsanani ne, kaɗan ko matsakaici ko mai yawa. Amma mai rashin haƙuri ba ya yanka jikinshi a ɓoye. Matar da ta tsara shahararren maganin zaman nan, Marsha Linehan, da bakinta ta faɗa a 2011 cewa ita ma ta sha wannan wahalar tana budurwa har an kwantar da ita. Kuma da yawa suna samun sauƙi sosai in shekaru sun ja.

Hajiya ta Tibiri
Nawa dai bai samu sauƙi ba, mata ukku ya saka bayana. Ku masu takarda ba ku kwana ɗaki guda da abin ba.

Anfirmiye Rabi
Hajiya naki daban nata daban, mai zargi da wuya ya yarda ya je asibiti don likitan ma bai yarda da shi ba, ita kuwa yarinyar nan da kanta ta buɗe ma yayarta.

Ɗan Kabu-kabu
Nura duba mani littahin, mai cin bashin mai ya ce gobe gobe wane gida yake cikin ukun?

Maman Hanifa
Na kwashe kayan kamar yadda anti Rabi ta ce. Amma har yanzu ba wanda ya ce mani in tunkari Baba ko a'a, kuma in mun je asibitin mijin za a gaya mashi?

Sani Mai Shago
Au da ba za ku gaya mashi ba? Abin da ke ci mani rai kenan da mutanenmu. Kun san halinta tun koleji kunka yi shiru kunka karɓi sadaki. Haka anka yi ma abokina, sai bayan biki ya ga amarya na haɗiyar ƙwaya a ɓoye, uwar ta ce maganin olsa ne.

Zainabu Mokoyo
Sani ku maza kuna faɗar naku? Wanda ke shan tramol tun asuba ya taɓa gaya ma surukai? Kuma ran da aka ji an kai yarinya wancan sashen, ƙannenta ma sun rasa mijin aure a unguwa, shi ya sa kowa ke rufewa.

Alhaji Na-Kano
Ni dai na ce a ƙara da gwajin ƙwaƙwalwa cikin awon kahin aure, yadda ake na sida da sikila.

Ɗan Gulbi
Alhaji na sikilan ma mutane nawa ke yi? Ƙanwar matata an ce ma su kada su yi auren, uban ya ce an riga an sayi gado da katifa, yanzu ɗansu na biyu ke nan ana ƙarin jini, kuma kowane wata ni ake kira in kawo gudummawa.