Ta yaya kulob ɗinmu zai karrama ƙananan masu sana'a, abin ya amfane su?

Sakataren Kwamiti, Kano, ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan uwa da suka daɗe cikin ƙungiyoyin taimakon al'umma, irin su Rotary da Lions, har ma da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Kulob ɗinmu ya ɗora wa kwamitin da nake wa sakatare alhakin tsara abin da za mu yi a watan Janairu, wanda shi ne watan da Rotary ta keɓe domin yi wa al'umma hidima ta hanyar sana'a. Abin da aka saba shi ne a kama zaure a otal, a gayyato manyan ma'aikata da attajirai, a miƙa musu allon yabo, a ɗauki hotuna a watse. A wannan karon wasunmu sun dage cewa a waiwayi mutanen da rayuwarmu ta yau da kullum ke hannunsu, wato masu shara, da teloli, da kanikawa, da masu walda, da ungozoma. Na goyi bayan wannan ra'ayi, amma abubuwa biyu sun shige mini duhu. Ta wace hanya za mu zaƙulo waɗanda suka cancanta ba tare da son kai ya shigo ciki ba? Kuma me za mu ba su wanda ba zai zama abin rataya a bango kawai ba?

Tsohon Mamba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Abin da kuke shirin yi komawa ne ga tushen tafiyar. Lokacin da lauya Paul Harris, wanda ya kafa Rotary, ya fara zama da abokansa uku a birnin Chicago na Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905, ɗaya daga cikinsu tela ne, ɗaya mai sayar da kwal, ɗaya kuma injiniyan haƙar ma'adinai, kuma dalilin haɗuwarsu shi ne masu sana'o'i daban-daban su ƙulla zumunci a tsakaninsu. Ku da kuke Kano kuna da ƙarin nauyi a kanku, domin a garinku aka kafa kulob ɗin Rotary na farko a Nijeriya a 1961, kuma daga nan ne Jonathan Majiyagbe ya fito ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya, daga 2003 zuwa 2004.

Game da zaɓe, akwai tsarin da kulob ɗin Pennant Hills na ƙasar Ostireliya ya fara a 1975, inda masu kamfanoni da shaguna ke gabatar da sunan ma'aikacin da ya yi fice wajen inganta aikinsa. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ba gasa ba ce, babu na ɗaya babu na biyu. Sai dai a wurinmu yawancin masu sana'ar hannu ba su da ubangidan da zai gabatar da su, kansu suke yi wa aiki. To, mu ma muna da namu tsarin tun kafin zuwan Turawa: akwai Sarkin Maƙera, da Sarkin Aska, da Sarkin Fawa, da Sarkin Magina, ga kuma shugabannin ƙungiyoyin teloli da na kanikawa a kowace unguwa. Ku je musu da kanku, ku gaishe su, ku faɗi abin da ke tafe da ku. Idan kun isa karofin Ƙofar Mata ko layin dukawa a Kasuwar Kurmi, dattawan wurin sun san marinin da shuninsa ba ya zuba da badukun da ɗinkinsa ba ya warwarewa. Amma kada ku tsaya ga bakin shugaba kaɗai, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, yana iya miƙo sunan ɗan uwansa. Ku tura mambobi biyu su tambayi abokan ciniki da maƙwabtan shago a asirce: shin yana cika alkawari, yana dawo da ragowar yadi ko canjin kuɗi, yana kyautata wa yaran da yake koya wa aiki? Akwai kuma tambayoyi huɗu na auna ɗa'a da wani ɗan Rotary mai suna Herbert Taylor ya tsara, Rotary ta rungume su a 1943, waɗanda suka fara da ko abin gaskiya ne, ko kuma an yi wa kowa adalci, sun isa su zama ma'auninku.

Hajiya Mai Ritaya, tsohuwar jami'ar lafiya, ta amsa:

Na ji daɗin bayanin Baba Tsohon Mamba, sai dai ina roƙon a lura cewa duk sarautun da ya lissafa na maza ne, kuma idan ta nan kaɗai aka bi, mata ba za su shigo ba. Ina so in tunatar da ku matan da suka yi aikin rigakafin shan inna. Rotary ta fara shirinta na PolioPlus a 1985, ta zuba kuɗi masu yawa, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar shan inna (wild polio) ta ƙare a nahiyar Afirka, Nijeriya ce ƙasa ta ƙarshe. Amma wa ya ɗiga maganin a bakin yara? Mata ne da hijabinsu, rataye da akwatin sanyi, suna bin lungu gida gida cikin rana, su lallashi uwa, su ɗiga ɗigo biyu, su shafa wa yaro tawada a ƙaramin yatsa, su rubuta alama da alli a jikin ƙofa. Wasu an zage su, wasu an kore su, kuma a watan Fabrairun 2013 an harbe wasu daga cikinsu har lahira a Kano suna bakin aiki. Ba na jin akwai waɗanda kulob ɗin Rotary ya fi cancanta ya fara da su kamar waɗannan bayin Allah da iyalan waɗanda suka rasu. Shugabannin asibitocin unguwa da masu unguwanni sun san su ɗaya bayan ɗaya.

Haka nan akwai masu sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da kitso, waɗanda da yawansu ba za su je otal da dare ba. Ku yi taron da hantsi a harabar makarantar unguwa, ku sanar da mazajensu ko iyayensu tun da wuri, kuma kada a sa hoton kowace mace a Facebook sai da yardarta.

Mai Gareji ya amsa:

Ranku ya daɗe, ni bakanike ne, kuma ina ganin tambaya ta biyu tawa ce. An taɓa karrama ni. Wata ƙungiya ta gayyace ni, na rufe gareji tun da safe, na yi zaman jiran manyan baƙi har bayan azahar, aka ba ni allo mai kyau da sunana a jiki. Na gode musu har yau, domin an nuna an san da zamana, amma ranar yarana ba su sami kuɗin abinci ba, saboda mu abin da hannu ya samo a wuni shi ake ci. Saboda haka shawarata ta farko, ku zo ku same mu a wurin aikinmu, a gaban yaranmu da maƙwabtanmu. Yabon da aka yi wa mutum a ƙarƙashin rumfarsa yana jawo masa ciniki.

Ta biyu, ku tambayi mutum abin da yake bukata kafin ku saya. Mai walda da ke kare idonsa da tabarau na roba, da dare ya kasa barci saboda raɗaɗi kamar an zuba masa yashi a ido, gilashin walda na gaske da safar hannu yake so. Tela wataƙila gyaran kekensa ne damuwarsa. Mu kanikawa, motocin yanzu sai da na'urar gano matsala ta kwamfuta, kuma da yawanmu ba mu da ita, ba mu kuma iya aiki da ita ba. Idan a cikinku akwai injiniyan da zai ba da ranakun Asabar ya koya mana, ya fi mana kowace kyauta. Akwai kuma jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai uku, wadda takardarta ke buɗe ƙofar aikin gwamnati da na kamfani. Yaro yana iya shekara bakwai a gareji, ya iya aiki sarai, amma rashin kuɗin rajista da rashin mai nuna masa hanya su hana shi samunta. Ku ɗauki nauyin wannan, ku kuma haɗa wa wanda za a yaye akwatin kayan aiki.

Magana ta ƙarshe, ku yi mini afuwa idan ta yi nauyi. Mambobinku su ne masu kawo mana motoci, su ne kuma ke da masu gadi da direba da mai aiki a gida. Idan kulob ya ɗauki alkawarin cewa kowane mamba zai biya ladan aiki a kan lokaci, ba sai an yi ta sintiri ƙofar ofishinsa ba, mun karɓi wannan a matsayin karramawa.

Sakataren Kwamiti ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan kai wa kwamiti shawarar mu fasa kama zaure, mu karkatar da kuɗin zuwa kayan aiki da rajistar jarrabawa, kuma mu ware rabin guraben ga mata kamar yadda Hajiya ta nuna. Maganar biyan lada a kan lokaci zan karanta ta a gaban mambobi yadda Malam Mai Gareji ya rubuta ta. Malam, idan ba damuwa, ina so ka turo mini jerin kayan da yaron da aka yaye ba zai iya fara aiki ba sai da su, domin mu ƙiyasta kuɗinsu kafin zamanmu na gaba.